Mai Shayarwa Idan Ta Kwanta Ciwo: Mura, Magani da Haƙƙin Jariri a Ƙasar Tudun Wada

Idan damina ta yi sallama, aka gama yankan shinkafa da karyar masara, sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas ta lulluɓe kudancin Jihar Kano da hazo, tun daga bakin madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, zuwa Kiru da Kwanar Ɗangora, har ta bi hanyar nan da ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta dangana da duwatsun Riruwai a Doguwa. A watannin Disamba da Janairu, sa'ad da sanyin asuba ke hana dattawa barin bakin wuta sai hantsi ya dubi ludayi, da wuya mutum ya yi sallama a wani gida na wannan yanki bai ji ana tari ko atishawa ba. Mura dai kowa ya saba da ita, ba a kuma ɗauke ta a bakin komai. Amma idan ta sauka a jikin mace mai goyo, wadda wani rai ya dogara da ita dare da rana, sai al'amarin ya zama mas'alar gida baki ɗaya. A nan ne ake shiga shawara: a ci gaba da bai wa yaro mama ko a dakata, wane magani ya kamata ta sha, kuma yaushe ne za a daina cewa "ai sanyi ne" a nemi abin hawa zuwa asibiti.

Amsar da ilmin likitanci da shari'ar Musulunci suka haɗu a kanta mai sauƙin faɗi ce, ko da yake aiki da ita yana buƙatar haɗin kan mutanen gida: abin da ya cancanta a ɗauke wa mai shayarwa idan ba ta da lafiya shi ne tulu da taɓarya da tukunya, jariri kuwa a bar shi a ƙirjinta.

Tsoron da ke raba uwa da ɗanta

Abin da aka fi ji daga bakin iyaye mata da kakanni, idan mai goyo ta wayi gari jikinta da zafi, shi ne nononta ya ɓaci, yaro zai tsotsi zazzaɓi. Sai uwar miji ta leƙo ɗaki ta ce, "'Yar nan, miƙo shi in goya, kada ki shafa masa," ita kuwa matar ɗan, saboda kunya da ladabi, ba ta da abin cewa illa "To, Inna." Tausayi ne da fargaba suka kawo wannan magana, irin na mutanen da suka sha binne 'ya'ya da jikoki, suka kuma gaji wani tsohon zato cewa nono yana iya rikiɗewa ya zama dafi. Daga wannan zato ne aka sami al'adar matse dakashi a zubar, da ta gwada nonon mai haihuwar fari da tururuwa a cikin ƙoƙo, in ta fito a ce nono lafiya lau, in ta nutse a hana yaro sha har sai an yi wa uwa magani.

To amma abin da bincike ya tabbatar ya saɓa wa wannan zato. Mura ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, na jinsin da likitoci ke kira bairos, waɗanda ire-irensu sun haura 200, kuma hanyarsu ta zuwa jikin wani ita ce numfashi, da feshin tari da atishawa, da hannun da ya share majina sa'an nan ya taɓa fuskar yaro. Ba ta bi ta nono. Daɗin daɗawa, mutum yakan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya san ya kamu, watau ke nan kafin uwa ta yi atishawar farko jaririn da ke kwana a jikinta ya riga ya shaƙi abin da ake gudu. Abin da ya rage masa a wannan lokaci shi ne kariya, kuma cikin hikimar Ubangiji kariyar tana wurin uwar: da zarar ƙwayar cuta ta shige ta, jikinta yakan shiga ƙera sinadaran garkuwa daidai da ita, wani kaso nasu ya gangaro cikin nono, ya shafe maƙogwaron jariri da hanjinsa. Wanda ya janye yaro daga mama a ranar da uwarsa ta kamu da mura, ya bar masa cutar ne ya hana shi maganinta. Saboda wannan hujja ce, ko a shekarar 2020 da annobar korona ta girgiza duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta umurci iyaye mata da suka kamu su ci gaba da shayarwa, su dai rufe hanci da baki, su kuma riƙa wanke hannu.

Sai kuma a dubi abin da ake ba yaron a madadin nono: ruwan ɗumi, ko koko, ko bauri, ko madarar gari da aka dama da ruwan rijiya a cikin fidar da ba ta wanku ba. Ta nan gudawa ke shigowa, ita kuwa gudawa a jikin ɗan wata biyu ta fi murar uwarsa haɗari nesa ba kusa ba. Nono kusan kashi 87 cikin 100 nasa ruwa ne, don haka jariri ba ya buƙatar ko kurɓi guda na ruwa kafin ya cika wata 6, ko da a bushewar hunturu ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna jarirai 29 kacal cikin 100 na 'yan ƙasa da wata 6 ne ake shayar da su nono zalla, alhali masana da suka yi rubutu a mujallar likitanci ta Lancet a 2016 sun ƙiyasta cewa da shayarwa ta game duniya yadda ya kamata, da an tsirar da rayukan yara fiye da 800,000 a kowace shekara.

Akwai illa ta biyu, wadda ta shafi uwar kanta. Mama kamar rijiya ce, gwargwadon yadda ake ɗiba gwargwadon yadda take ɓuɓɓugowa. Idan aka yi kwana biyu ko uku yaro bai tsotsa ba, da farko sai ya cika ya sandare, har ya kai ga kumburi da zazzaɓi sabo a kan na da, daga baya kuma ruwan ya ja baya, a wayi gari ana cewa ciwo ne ya ƙafar mata da nono, alhali hana yaro sha ne ya ƙafar da shi.

Hutu shi ne rabin magani

Tudun Wada gari ne da ya yi suna da shinkafa, kuma wanda ya san yadda shinkafar nan ke isa kasuwa ya san cewa hannun mata ne ke ɗauke da babban kaso na wahalarta. Su ne ke jiƙa ta, su turara ta a manyan tukwane da ganguna bisa wutar itace, su kwashe ta tana tururi su baza a tabarma ko siminti, su yi ta juya ta da ƙafa ko da katako har ta bushe, goyo a baya, hayaƙi da ƙaiƙayi a fuska. Wannan aiki yana kankama ne daidai lokacin da hunturu ke shigowa. Mace mai shayarwa kuwa, ko ba ta ɗaga tsinke ba, jikinta yana samar da nono kimanin kashi uku cikin huɗu na lita a kowace rana a watannin farko, abin da ke cin ƙarin abinci na wajen kalori 500. Idan aka ɗora zazzaɓi a kan wannan, aka ɗora jan ruwa da surfe da girkin gida, ba abin mamaki ba ne murar da ke wucewa cikin kwana 7 zuwa 10 ta zarce mako uku tana jan jiki.

Saboda haka farkon jinya shi ne a sami wadda za ta karɓi aiki, ko abokiyar zama, ko ƙanwa, ko maƙwabciya, domin Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ita maras lafiya ta kwanta a gefenta, a kawo mata yaro ya sha a kwance, in ya ƙoshi a ɗauke shi a goya domin ta sami barci. Ta yawaita shan ruwa mai tsabta da abin sha mai ɗumi, kamar kunun gyaɗa da kunun tsamiya da farfesu da shayin citta da lemun tsami, domin zazzaɓi yana busar da jiki. Kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri yana rage zafinsa, sirace da ruwan zafi yana buɗe hanci, da sharaɗin a nisanta yaro daga tukunyar. Zuma tana sassauta tari, amma ga uwa kaɗai. Ba a lasa wa yaron da bai cika shekara ba zuma, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke rinjaya, na jariri kuwa ba ya iyawa, har ta kai ga shanye masa jiki.

Kafin ta ɗauki yaro ta wanke hannu da sabulu, ta rufe hanci da baki da takunkumi ko gefen mayafi mai tsabta yayin da yake tsotso, ta kuma haƙura da sumbatarsa na 'yan kwanaki. Idan jiki ya yi nauyi har ba ta iya riƙe shi, sai ta tatsa a kofi wanda aka wanke aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, wata ta ba shi da cokali ko da bakin kofin, kada dai abin da aka tatsa ya wuce awa 4 a ajiye a ɗaki.

Wani abu da ya kamata a yi hattara da shi shi ne kaskon wuta. A daren hunturu akan shigar da garwashi ɗakin mai jego, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma, da nufin korar sanyi. Hayaƙin itace yana ƙara tsananta tari ga uwa da ɗa, gawayi kuwa a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe mutane cikin barci. A ɗumama ɗaki tun da sauran ido biyu, a fitar da kasko kafin a kwanta, a bar kafar da iska za ta shiga, a ƙara bargo.

A gaban kantar mai kemis

Bayan sallar magariba, a kowane gari daga Yaryasa zuwa Tiga, akwai wani ɗan shago mai fitila da mutane ke tsayawa a gabansa. Maigida ko yaron da aka aika ya miƙa kuɗi ya ce a ba shi maganin mura da ciwon jiki na naira kaza. Mai kemis ya jawo kwali nan, ya yanko fallen ƙwaya can, ya zuba fara biyu, rawaya ɗaya, da kafso mai launi biyu a cikin 'yar leda, ya ƙulle, ya ce a sha safe da yamma. Ledar ba ta da suna, ba ta da adadi, kuma a duk cinikin ba wanda ya ambaci cewa wadda za ta sha tana da jaririn wata ɗaya. Kalmar farko da ta wajaba a faɗa a wannan wuri, tun kafin a miƙa kuɗi, ita ce: "Malam, mai shayarwa ce, ɗanta kuma watansa kaza." Mai kemis na gari, idan ya ji haka, zai sauya abin da zai bayar, ko ya ce a je asibiti.

Galibin magunguna kaɗan ne ƙwarai nasu ke ratsawa cikin nono, shi ya sa farasitamol da ibufurofen suke cikin waɗanda likitoci suka yarda mai shayarwa ta sha domin zazzaɓi da ciwon kai. Sharaɗin farasitamol shi ne kada babba ya wuce giram 4 cikin awa 24, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500, a rarrabe. A kuma lura cewa yawancin magungunan mura na haɗi suna ɗauke da shi a ciki, wanda ya haɗa su da farasitamol na daban yana iya ninka adadin bai sani ba, hanta ce kuwa ke biyan bashin. Ibufurofen a sha shi bayan an ci abinci, mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda su kauce masa. Asfirin gara a bar shi sai da umurnin likita.

Akwai kuma waɗanda ya kamata a guje musu. Na farko shi ne sinadarin buɗe hanci mai suna sudo'efedirin, wanda ke cikin magungunan mura da dama: wani bincike da aka buga a 2003 daga Ostireliya ya nuna cewa shansa sau ɗaya, miligiram 60, ya rage yawan nonon matan da aka gwada da kashi 24 cikin 100. Na biyu su ne ƙwayoyin mura masu sa barci, waɗanda ke iya kasalar da yaro ya kasa tsotso, su kuma nauyaya barcin uwa har ta danne shi ba ta farka ba. Na uku, wanda ya fi su haɗari, shi ne kodin da tiramadol. Jiki yana juya kodin ya zama mofin, wasu mata kuma jikinsu yana yin haka da sauri fiye da kima, sai ya tarar da jariri ta nono, ya sa shi barci mai nauyi, numfashinsa ya yi ƙasa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 cewa kada mai shayarwa ta sha su. Gwamnatin Nijeriya kuma ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, bayan wani rahoton BBC da ya nuna irin ɓarnar da yake yi wa matasa, har da na Kano. Duk kwalbar maganin tari da ba a san abin da ke cikinta ba, barinta ya fi.

Kafson kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba ya taɓa mura ko kaɗan, domin bakteriya yake kashewa, mura kuwa bairos ce. Shansa ba bisa dalili ba asarar kuɗi ne, yana iya sa yaro gudawa, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Idan likita ya duba ya ga buƙata, akwai irin su amoksisilin da suka dace da shayarwa, sai a sha a ƙarasa. Haka nan jiƙe-jiƙen da ake talla da lasifika ranar kasuwa, tun da ba wanda ya san abin da aka haɗa ko adadinsa, mai goyo ta yi nesa da su, kada garin neman gira a rasa ido. Man zafi kuma, in za ta shafa, kada ya kusanci mama, kada kuma a shafa shi a hancin jariri.

Sa'ad da ba mura ba ce

Babban haɗari a wannan babi shi ne a kira kowane ciwo da sunan sanyi. Zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, musamman a ƙarshen damina ko a garuruwan da ke kusa da ruwan Tiga da fadamun noman rani, yana iya zama na cizon sauro. Gwajin ɗigon jini daga yatsa yana bayyana shi cikin kimanin minti 20, ciwon kuwa ba ya bi ta nono, kuma ana shan maganinsa ana shayarwa bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Idan wani sashe na mama ya yi ja, ya yi tauri da zafi, jiki ya ɗau zazzaɓi, to kumburin mama ne. Maganinsa na farko shi ne yaro ya ci gaba da tsotson wannan ɓangaren, in kuma an kwana ɗaya ba sauƙi a je asibiti kafin ya tara ruwa. Zazzaɓi a cikin kwanakin jego tare da ciwon mara ko jinin biƙi mai wari alama ce ta cuta a mahaifa, wadda ba ta jiran gobe. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wahalar haɗiya abin tuhuma ne, tun da cutar mashaƙo ta ɓarke a ƙarshen 2022, Jihar Kano kuma ita ta fi kowace jiha shan wahalarta. Tari da ya kai mako 2, da gumin dare, da rama, ko kakin jini, ana gwada shi domin tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana sha wata 6, ana kuma duba yaron a ba shi na kariya, shayarwa kuwa ba ta tsayawa. Ko uwar da ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, muddin tana shan maganinta a kan kari, shawarar hukumomin lafiya ita ce ta shayar. Lalurorin da ke hana shayarwa ƙalilan ne, kamar shan magungunan ciwon daji, kuma likita ne ke yanke hukuncinsu.

Akwai ciwo guda da ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin ƙasar Hausa ce ta fi ko'ina a duniya saninsa, kuma da tari yake fara sallama. Shi ne raunin zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun buga bayanin mata 224 da suka gani da shi a Zariya, a wani rubutu na 1978, suka kuma danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani bincike da ya game asibitoci a sassan Nijeriya, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa arewa maso yamma ce ta fi yawan masu ciwon, kusan mace 1 a kowace haihuwa 100. Binciken su Karaye ya fi karkata ga talauci da rama da hawan jini na lokacin ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, fiye da al'adun jego. Ko ma wanne ne sababi, alamomin ba su sauya ba: tari da ke tsananta idan ta kwanta, haki daga ɗan taku zuwa bakin rijiya, kumburin ƙafafu, bugun zuciya da sauri, da kasa barci sai a zaune ko a jingine. Mace mai irin wannan hali, idan aka ce sanyi ne ya shige ta aka ƙara mata kanwa, an ƙara mata gishirin da ke tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji kuma ita za ta ɗauki nauyin. Wurinta asibiti ne a ranar, ko na kusa, ko babban asibitin Tudun Wada, daga can in da buƙata a tura ta Kano.

Shi ma jariri a sa masa ido. Idan ya kamu da murar, toshewar hanci ce ta fi damunsa, sai a ɗiga masa ruwan gishiri na asibiti kafin ya sha mama, a kuma yawaita ba shi; ba a ba jariri maganin tari, ba a kuma kai shi wurin wanzami a cire beli saboda tari. Amma duk zazzaɓi a jikin ɗan ƙasa da wata 2, ko ƙin karɓar mama, ko numfashi da ya kai 60 a minti ɗaya, ko 50 ga wanda ke tsakanin wata 2 da shekara, ko haƙarƙari na lotsawa ciki idan ya ja iska, ko sanƙamewa, ko barcin da ba a iya tashinsa, kowanne daga cikinsu ya isa dalilin tafiya asibiti ko da tsakar dare ne.

Rangwamen shari'a da nauyin maigida

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya sanya cikar shayarwa shekara biyu ga wanda ya so cikawa, ya ɗora ciyar da uwa da tufatar da ita a kan mahaifin yaro, ya kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya sun gina hukunce-hukunce a kan irin wannan sauƙi. Maras lafiyar da ke tsoron ruwa zai ƙara mata ciwo ko ya jinkirta warakarta, taimama ta halatta gare ta. Game da azumi kuwa, Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta bayyana cewa mai shayarwar da ta ji tsoro ga ɗanta, ba ta kuma sami wadda za ta shayar mata ba, ko yaron ya ƙi karɓar wata, tana da damar ajiye azumi ta ciyar, sa'an nan ta rama. Wadda kuwa ciwon jikinta ne ya sa ta sha, ramuwa ce kawai a kanta. Wannan mas'ala za ta ƙara tasowa a shekarun nan, domin watan Ramadan yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, daga 2027 zuwa 2031 zai riƙa faɗowa a Fabrairu da Janairu da Disamba, a tsakiyar lokacin mura. Macen da zazzaɓi ya kwantar, ga goyo, ga bushewar iska, idan ta karɓi rangwamen da Allah Ya yi mata ba ta yi saɓo ba, kuma ya kamata malamai su faɗi haka ƙarara a wuraren tafsiri da makarantun Islamiyya na matan aure, domin da yawa kunya ce ke hana su tambaya.

Daga ƙarshe magana tana komawa kan maigida, domin a mafi yawan gidajenmu a hannunsa kuɗin magani yake, a bakinsa kuma izinin fita yake. Shi ne zai iya zuwa wurin mahaifiyarsa cikin ladabi ya ce, "Inna, malaman asibiti sun ce a bar shi ya sha, nonon ne maganinsa," maganar da matarsa ba za ta iya furtawa ba. Shi ne zai sayo nama ko kifi a yi mata romo, ya nemo wadda za ta riƙe girki, ya je kemis da kansa ya yi bayani maimakon ya aiki yaro. Lokacin hunturu kuma shi ne lokacin da magidanta da yawa daga ƙauyukan Doguwa da Kiru da Tudun Wada ke tafiya cin rani birane, su bar mai jego da tsohuwa a gida, ga nisan hanya, ga wayar da ba kullum take shiga ba. Duk wanda zai yi irin wannan tafiya ya bar mace da ɗanyen goyo, wajibi ne a kansa, kafin ya sa ƙafa a mota, ya ajiye kuɗin abin hawa da na asibiti a hannun da aka sani, ya kuma faɗa a gaban mahaifiyarsa da 'yan'uwansa cewa ya ba matarsa izini, duk ranar da ta ji haki ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko ta ga numfashin yaro ya sauya, ta tafi asibiti ba sai an jira shi ba.